Bambancin Kwana Guda

Shekara goma sha bakwai ta yi a ɗakin rini na sashen nazarin ƙashi a jami'a, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Shuɗi. Yatsunta ne suka jawo mata sunan. In aiki ya zo wurin da ke son lallaɓawa takan cire safar hannu, kuma babu sabulun da ya taɓa fitar da shuɗin da ya maƙale a gefen faratanta.

Aikin nata ba abin da ake faɗa a gaban abinci ba ne. Akan kawo mata 'yan tayin ɓera, kowanne bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. Sai ta zauna gaban madubin ƙara girma da hantsaki biyu, ta saɓule fata, ta cire kayan ciki, ta jiƙa su a sifirit kwana biyu. Daga nan sai rini iri biyu: shuɗi, wanda guringuntsi kaɗai yake kamawa, da ja, wanda ba ya kama komai sai ƙashin da ya riga ya yi tauri. Na ƙarshe shi ne ruwan soda, mai cin nama a hankali har ya koma garau kamar gilashi, a riƙa hango ƙasusuwan a ciki. A nan gwanintar take. In aka cire da wuri ba a ganin komai. In aka bari ya wuce, sai a ɗaga kwalba a ga haƙarƙari na yawo daban, ƙafa daban. Ita ba agogo take dubawa ba. Kwalbar take ɗagawa ta saitin taga, ta ɗan karkata ta, ta ce, "Saura kaɗan," ko ta ce, "Ya isa." Duk abin da ta gani kuma sai ta rubuta a wani littafin aiki mai baƙar bango: kwanan wata, ƙarfin ruwa, awannin da ya ci, har ranar da aka ɗauke wuta.

Shugaban ɗakin ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gida Auta, a wurin aiki Dakta. Lokacin da mahaifinsu ya rasu ta gama difloma ke nan, sai ta ajiye maganar ci gaba da karatu ta kama wannan aiki. Auta yana ɗalibi a kan bencinta yake cin abincin rana, a nan ta koya masa riƙon hantsaki, tana dukan bayan hannunsa in ya matse da ƙarfi. Ya tafi ƙasar waje, ya dawo da digirin dakta, aka damƙa masa ɗakin. Ranar farko da ya kira ta "Malama" a gaban mutane dariya ta yi, ta zaci wasa ne. Da ta ga bai yi dariya ba, ita ma ta koma kiransa Dakta.

Binciken da ya dawo da shi a kan wasu ɓeraye ne da aka cire musu ƙwayar gado guda ɗaya. Ƙashin ƙafa da guringuntsi yake farawa a ciki, sannan ya yi tauri daga tsakiya. Dakta ya haƙiƙance cewa in babu wannan ƙwayar, taurin zai makara. Shekara uku yana kiwon ɓerayen yana jiran ranar da zai gani da idonsa.

Kashin farko da aka kawo mata guda goma sha shida ne, takwas na ɓeraye masu lafiya, takwas na waɗanda aka taɓa. Tun tana feɗewa wani abu ya tsaya mata a rai. Masu lafiyar idanunsu sun rufe, fatarsu ta fara tattarewa. Waɗancan kuwa ido a buɗe, fata sumul. Ta rubuta a littafinta ta ci gaba da aiki.

Ranar da ta jera kwalaben a kan benci, Dakta ya leƙa madubi ya daɗe bai ɗago ba. A ƙafafun masu lafiya ja ya shimfiɗu sosai a tsakiyar ƙashi. A na waɗanda aka taɓa ɗan ɗigo ne kawai, sauran duk shuɗi.

"Yaya!" ya ce, ya manta da Malama. "Yaya, kin gani? Kin ga abin da nake faɗa?"

Ta ji daɗin wannan Yayan har cikin ranta, shi ya sa ba ta tayar da maganar idanun ba a ranar.

Washegari ta sauka ɗakin kiwo, wurin dattijon da ake wa laƙabi da Sarkin Ɓeraye. Shi ke haɗa mace da namiji, ya duba da safe, ya rubuta kwanan a katin da ke jikin keji. Ta tambaye shi katunan iyayen 'yan tayin nan.

"Ai wannan makon ba ni na haɗa ba," in ji shi. "Makon da ciwon baya ya kwantar da ni ne. Ƙaninki ne ya sauko da kansa, ya hana kowa taɓawa." Ya zaro katunan daga akwati, ya nisanta su da idonsa yana karantawa. Sai ya yi tsaki. "Masu lafiyar ran Litinin ya haɗa su, waɗancan ran Talata. Amma rana ɗaya aka buɗe su duka. To ai wannan an haɗa yaya da ƙani tsere ne."

Cikin ɓera kwana goma sha tara ne zuwa ashirin. Kwana guda a ciki ba ƙaramin abu ba ne, a cikinsa ido ke rufewa, a cikinsa ja ke ninkawa a ƙashi. Abin da Dakta ya gani ba aikin ƙwayar gado ba ne. Tayin kwana goma sha biyar ya ajiye kusa da na kwana goma sha shida.

Ta jira har ɗalibai suka fita, ta shiga ofishinsa ta tura ƙofa, ta ajiye katunan a gabansa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Kuskuren rubutu ne kawai," ya ce.

"Auta, ni na feɗe su. Idonsu a buɗe yake."

"To ai shi ma alamar makara ce. Ƙwayar ce ta jinkirta komai."

"Yana yiwuwa. Mu sake. A haɗa su yadda iri biyun za su fito a cikin uwa ɗaya, ka ga babu maganar kwana."

"Wata nawa ke nan? Kin san taron da zan je saura mako shida?"

"Wata biyu. Ni zan yi, ba sai ka sa hannu ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta yi in tana so.

Ta yi. Sarkin Ɓeraye ya haɗa, ita ta feɗe ta rina, ta tsaya a kan ruwan sodan kamar mai jinya. Kwalba goma sha biyu suka fito, 'yan uwa ɗaya, kwana ɗaya. Ta auna tsawon jan da ke kowace ƙafa sau uku uku. In ka rufe lambar da ke jikin kwalba, babu mai iya cewa ga wanda aka taɓa ga mai lafiya.

Ta kai masa a kan faranti. Bai leƙa madubi ba. Ya ce ta ajiye, zai duba in ya natsu, ya buɗe kabad ɗin ofishinsa ya jera su a bayan wasu tsofaffin mujallu. A lokacin ya riga ya je taron ya dawo, ya nuna hotunan farko, an tafa masa.

"Amma ba za ka tura maƙalar da waɗancan hotunan ba ko?" ta ce.

"Malama, fassarar sakamako ba aikinki ba ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi kuwa ya mai da ido kan kwamfuta. Ta koma bencinta ta rubuta a littafi abin da ta auna, da ranar da ta kai masa, da abin da ya ce.

Maƙalar ta fito bayan wata tara, da hotunan farko. Hotuna ne masu kyau, ba ta taɓa rinin da ya fi su fitowa ba, har mujallar ta sa ɗaya a bango. Shekara na zagayowa aka ba shi farfesa. Inna, mahaifiyarsu, ta sa aka yi wa bangon mujallar firam ta rataye a falo, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa aikin Auta. Mai Shuɗi takan zauna a ƙarƙashin hoton ta sha shayi. Mijinta, mai gyaran agogo, shi kaɗai ta gaya wa. Ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo." Ta ce masa ya bar maganar.

Shekara biyu aka yi shiru. Sannan wasu masu bincike a wata ƙasa suka rubuto wa mujallar. Sun kiwata irin ɓerayen, sun rina sau huɗu, ba su ga makarar komai ba. Sun kuma ƙura wa hotunan ido, suka ce ga alama 'yan tayin ba sa'annin juna ba ne. Mujallar ta rubuto wa jami'a, jami'a ta kafa kwamiti, aka sa ranar Alhamis za a saurari ma'aikatan ɗakin.

Ran Talata da la'asar Inna ta aika a kira ta. Ta tarar da motar Auta a ƙofar gida. Yana zaune a kan tabarma kusa da ƙafar Inna, ya cire hula, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ta gaishe da Inna ta zauna a bakin gado.

"Ƙaninki ya gaya mini abin da ke faruwa," in ji Inna. "Ni ban san kan aikinku ba. Amma ya ce in aka ce shi ne, an gama da shi. Za su karɓe farfesan, su kore shi, kuma babu inda zai sake samun aiki. In kuwa aka ce kuskure ne daga wajen liƙa lamba a kwalba, gargaɗi kawai za a yi."

"Wa ke liƙa lamba a kwalba, Inna?"

Inna ta kau da kai. Auta ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, ba za su kore ki ba. Na yi magana da mutane. Takardar gargaɗi ce kawai."

"Har ka yi magana da mutane."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na kawo maka kati. Na kawo maka kwalba goma sha biyu. Me ka ce mini?"

"Na san na yi kuskure."

"Na farkon ne kuskure, kowa na iya manta kwana. Na biyun da idonka biyu ka yi."

"Ke!" in ji Inna. "Ba shari'a na kira ki ki yi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ke ce babba, babba kuwa juji ne. Shi yana da 'ya'ya huɗu, sunan gidan nan a kansa yake. Ke kina da mijinki, kina da rufin asirinki. Wa ya san ki a waje balle a ce sunanki ya ɓaci?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mata ciwo, don Inna ba da mugunta ta faɗa ba. Iyakar yadda take ganin abin ke nan.

"Akwai littafina," ta ce. "Komai yana ciki."

"Shi ne ma," in ji Auta a hankali. "In suka nemi littafin..."

Inna ta kamo hannunta, ta riƙe yatsun nan masu shuɗi. "Ban taɓa roƙonki komai ba tun rasuwar ubanku, duk abin da kika yi da kanki kika yi. Yau ina roƙonki. Kada ki bari in ga tozarcin yaron nan da raina."

A gida mijinta ya ajiye agogon da yake gyarawa ya saurare ta har ta gama.

"Kada ki yi," ya ce. "Kashin kaji za su shafa miki, kuma ba ya wankuwa. Ki kai littafin gaban kwamiti ki ajiye, ba sai kin ce uffan ba."

"Inna fa?"

"Inna za ta yi fushi ta huce."

"Ba ka san ta ba. Ba fushi za ta yi ba, kwanciya za ta yi."

Ran Laraba da safe ta ɗauki littafin daga aljihun benci. Ta buɗe shi a tsakiya, ta ga rubutunta na shekarun baya, lokacin da take gwada ƙarfin soda iri iri tana ɓata 'yan tayi kafin ta gano daidai. Ta rufe, ta shiga ofishin Auta ta ajiye a kan teburinsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ta fita. Kabad ɗin a buɗe yake, ta ga bayan mujallun babu komai.

Sarkin Ɓeraye ya tare ta a matakala. "An aiko an kwashe tsofaffin katuna, wai za a sabunta," ya ce. "Amma kaina ba a kwashe shi ba. In kina so in shiga in faɗa, zan faɗa. Saura mini wata biyar in yi ritaya, me za su yi mini?"

"Baba, ka bari."

"'Yar nan, ki yi tunani."

"Na yi. Ka bari."

Ya kalle ta, ya girgiza kai, ya sauka yana dafa bango.

Kwamitin mutum biyar ne a dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa. Shugabarsu wata farfesa ce daga sashen magunguna, mai furfura, mai magana a hankali. Ta tambaye ta shekarunta a aiki, ta faɗa. Ta tambaye ta yadda ake rinin, ta yi bayani tiryan tiryan, har wani daga cikinsu ya riƙa gyaɗa kai. Sannan aka zo kan lamba.

"Farfesa ya ce yana zaton an haɗa kwalaben kwana biyu daban daban a wajen liƙa lamba. Haka ne?"

"Haka ne."

"Ke kika liƙa?"

"Ni ce."

"Kina da littafin aiki?"

"Ya ɓata."

Shugabar ta cire tabarau ta dube ta. "Malama, shekara ashirin kina wannan aikin. Na tambaya a sassa uku, kowa ya ce bai taɓa ganin kin haɗa kwalba biyu ba. Mai irin wannan hannun ba ya ɓatar da littafi. Akwai abin da kike so ki gaya mana? Abin da kika faɗa a nan ba zai fita da sunanki ba."

Ƙofa ce aka buɗe mata, ta kuma san an buɗe. Maganar ta taso har maƙogwaro. Ta tuna roƙon Inna, ta haɗiye.

"Babu," ta ce.

Matar ta mai da tabaraunta. "To. Allah ya kyauta."

Ba gargaɗi kawai aka yi ba. Mujallar ta janye maƙalar, ta rubuta cewa kuskuren ma'aikaciyar ɗakin gwaji ne wajen liƙa lamba. Jami'a ta ce ba za a sake barinta ta taɓa samfurin bincike ba. Aka mai da ita ɗakin wanke kwalabe a ƙasan bene, inda babu taga, sai famfo uku da tukunyar turara kayan aiki mai huci. Farfesa kuwa aka rubuta masa takarda cewa ya ƙara sa ido a kan ma'aikatansa. Mutanen da ya ce ya yi magana da su, ko ɗaya bai ɗaga waya ba. Ɗaliban da ta koya wa feɗe tayi sukan kawo kwandon kwalabe su ajiye a bakin ƙofa, su gaishe ta da sauri ba tare da sun haɗa ido ba.

Wata biyar bayan haka, ana gab da tashi, ta ji takun takalmi a matakala. Auta ne. Bai taɓa saukowa nan ba, har ya sunkuya don kada bututu ya buge shi.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Ya maigidan?"

"Lafiya."

Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu. Ita ta ci gaba da cusa buroshi a kwalba.

"Wanda aka ɗauka a madadinki," ya ce, "kashi uku ke nan yana ɓatawa. Duk sun wargaje a soda. Mun bi abin da ke rubuce a littattafai, bai yi ba. Na ce ko za ki faɗa mini ƙarfin ruwan da kike haɗawa, da awannin."

Ta kashe famfo. "Yana cikin littafina. Shafi na arba'in da wani abu."

Ya mai da ido kan makullin da ke hannunsa.

"Ka duba mana. Ba yana wurinka ba?"

"Yaya, kin san ba zan iya ajiye shi ba."

"Ƙonawa ka yi ko yagawa?"

Ta goge hannunta da tawul, ta daɗe tana gogewa. Ta so ta ce masa ya je ya gwada shekara biyar kamar yadda ta gwada. Amma ta tuna kashi uku, wato iyaye mata wajen goma da aka buɗe a banza, da waɗanda za a ƙara buɗewa. Sai ta faɗa masa: ya rage ƙarfin ruwan zuwa rabi, ya daina sa kwalba kusa da injin da ke ɗumama ɗaki, ya canza ruwa da zarar ya fara yin ja, kuma tayin da bai kai kwana goma sha shida ba kada ya kwana a ciki. Ya zaro biro ya rubuta a bayan wata ambulan.

"Na gode, Yaya. Wallahi na gode. Zo in sauke ki a gida."

"Ban gama ba."

"Zan jira."

"Kada ka jira."

Ya ɗan tsaya, sannan ya hau matakala. Ta buɗe famfo.

Ran Asabar ta je gaida Inna kamar kullum, ta kai mata maganin hawan jini. Ta tarar da maƙwabciya ta shigo hira. Inna ta warware, har ta yi ƙiba. Tana ganinta ta washe baki, ta jawo ta ta zaunar kusa da ita.

"Ga babbar tawa," ta ce wa maƙwabciyar. "Ni kam Allah ya yi mini gata. 'Ya'yan wasu kullum faɗa, nawa kuwa kansu a haɗe yake, wuri ɗaya ma suke aiki. Ba a taɓa jin kansu ba."

Maƙwabciyar ta ce Allah ya ƙara haɗa kai. Mai Shuɗi ta ce amin, ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga katin maganin, ta tashi ɗebo wa Inna ruwa.